Shagon gyaran tsofaffin kafireta a Garwa

Na kai kafiretar Peugeot 404 da na gada daga mahaifina wani shago a Garwa, domin ina zargin an musanya mini ita da jabu. Dattijon da ke wurin bai yi garaje ba. Ya wanke ta da fetur, ya nuna mini sunan Solex, kamfanin da ya ƙera ta, da aka zuba tare da jikinta, sannan ya karanta lambar da ke kan ƙaramin ƙarfen da aka maƙala wa murfinta. Ya ce, "Alhaji, gangar jikin ta asali ce, ƙirar Faransa, amma an sauya bututun feshin mai." Kuɗin aikinsa ya ɗan yi tsada, sai dai motar ta daina shan mai fiye da kima.