Ofishin sauraren matsalar gida na unguwar Zariya, abin da na gani

Masu ta tambayata a WhatsApp kan wurin nan na wata ƙungiyar mata da ke unguwar Zariya nan Maradi, inda ake sauraren matsalar aure da ta iyali, to ga amsa gaba ɗaya: ku je, wallahi yana da amfani, amma akwai gyara.

Ƙanwata na raka. Mijinta bai taɓa ɗaga mata hannu ba, cefane ma ba ya fashi, shi ya sa duk inda ta kai kuka sai a ce ki yi haƙuri ai ba dukanki yake ba. Amma bakinshi! Jaka, ballagaza, ke da babu duk ɗaya, ba don ni ba wa zai kwashe ki, kuma gaban ɗiyanta har gaban baƙi. Yarinyar da ke saida atamfa tana ciniki da kowa ta koma ko gaisuwa sai muryarta ta yi rawa, ga rashin barci ga ciwon kai kullum.

Hajiyar da ta karɓe mu ba ta tambayi duka ba sam. Cewa ta yi, ɗiyata faɗa mini maganganun da yake miki, yadda yake faɗinsu, kar ki gyara ko ɗaya. Tana faɗi tana kuka, Hajiya na rubutawa a littafi. Ranar da aka kira mijin, gaban wani malami dattijo aka karanta mishi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ai fushi ne kawai, malam ya janyo mishi aya ta 11 a Suratul Hujurat wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ya ce Alhaji matarka ma tana cikin waɗanda ayar ta kare. Mutumin nan gumi ya riƙa yi, ya kasa ɗaga kai.

Abin da ya fi burge ni ba su bar ita ma ƙanwar tawa ba, Hajiya ta tambaye ta in ranta ya ɓaci me take ce wa yara? Shege, ɗan banza, mai kan jaki. Ta nuna mata yadda zagin ke gangarowa daga miji zuwa mata zuwa ɗiya, babban ɗan har ya fara yi wa ƙannenshi.

Sai gyaran. Rumfar jira tana manne da ƙofar ɗakin, duk abin da ake faɗi ciki ana ji, kuma Maradi kowa ya san kowa, wannan kaɗai ya isa ya hana mace zuwa. Da safe kawai suke buɗewa, lokacin da mata ke fama da girki da kai yara lakwal. Bayan zaman ba wanda ya bugo waya ya ji ya ake ciki. Kuma ba su da ikon tilasta namiji ya zo, in ya ƙi sai dai a nufi mai unguwa ko fadar sarki, tunda a Nijar har yanzu ba mu da dokar iyali, al'ada da addini ake bi.

Ba su karɓi ko dala ba. Zagin bai ƙare kwata-kwata ba amma ya daina yi gaban yara, ita kuma ta koma kasuwa. In za ki je ki yi sammako kafin rumfar ta cika, kuma ki tafi da wadda kika yarda da ita don ta zauna bakin ƙofa.