Ruwan garuwa ko ruwan leda: wanne ya fi wa gidan mutum bakwai?

'Yar'uwa, kin ce ku bakwai ne a gida a Kurna, famfon layinku ya daɗe da ƙafewa, yara kuma na yawan gudawa. Kina tambaya ko ki koma ruwan leda gaba ɗaya, ko ki ci gaba da na 'yan garuwa.

Bari mu fara da awo. Jarkar mai garuwa lita 25 take ci. Leda ɗaya rabin lita ce, jaka mai guda 20 kuwa lita 10. Ke nan sai kin sayi jaka biyu da rabi kafin ki cika jarka ɗaya, alhali kuɗin jarkar bai kai na jaka guda ba. In kowa zai sha lita biyu a rana, kusan jaka ɗaya da rabi za ki riƙa saye kullum, a zafin Afrilu ma ba za ta isa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 duka biyun suka tashi, don da janareto ake jawo ruwan burtsatse.

Kuma leda ba za ta raba ki da mai garuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum na bukatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da tsafta. A gidanki lita 140 ke nan, kusan jarka shida.

Wajen tsafta ne ledar ta yi gaba, in mai lambar NAFDAC ce ta gaskiya, ba a kuma shanya ta a rana ba. Na garuwa sau da yawa yakan fito daga burtsatse garau, a hanya yake lalacewa. Ki leƙa cikin jarkar, za ki ga gansakuka a gindinta. A gida kuma yaro ya tsoma moɗa har da hannunsa a randa, ya ajiye ta a ƙasa. Wannan na damuna ƙwarai, don ban manta kwalarar 2021 ba, wadda ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi ɗibga.

Ni dai ga abin da nake yi. Na ware jarka ɗaya tawa ta kaina, mai murfi, ita nake ba mai garuwa ya ɗebo min na sha. Sai in sa maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa, WaterGuard ko Aquatabs, daidai yadda aka rubuta a jiki, in jira minti 30. In ruwan ya gurɓace, in fara sa alif ya kwanta, in tace. Tsiyaya ake yi, ba mai tsoma komai. Tafasawa ma na yi, sai dai gawayi zai cinye rarar.

Ledar ki bar ta don makaranta da tafiya. Wanda ke gudawa kuma ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari yau, in bai tsaya ba ki kai shi asibiti.