Gargaɗi: miliyan 11 da dubu 800 na biya a kan motar da ta kwana cikin ambaliya

Jama'a ban so yin wannan rubutu ba, wallahi kunya ce ta hana ni tun watan jiya. Amma jiya da daddare na ga dillalin nan da ya sayar min da motar ya sake ɗora wata jar mota a shafinsa, ya rubuta wai "ba abin da za ka gyara, mai kawai za ka zuba", kalmomin da ya faɗa min ke nan babu ragi babu ƙari. Sai na ji in na yi shiru Allah zai tambaye ni.

Naira miliyan 11 da dubu 800. Ku sake karantawa. Ban da la'adar dubu 200 da na ba yaronsa da hannuna, har ina yi masa godiya.

Motar BMW 335i ce, mai ƙofa biyu, ƙirar 2009, baƙa wuluk. Tun ina saurayi nake son irinta. Kuma kafin wani ya zo yana ce min kwaɗayi mabuɗin wahala, ku sani ni ba yaro ba ne. Shekara 14 ina kasuwar waya a Kano, na san jabu, na san wayar da aka buɗe aka mayar, daga riƙe ta a hannu nake ganewa. Mota ta huɗu ke nan da na saya da kuɗina. Kafin na je na yi bincike. Na san injinta silinda shida ne mai turbo biyu, ƙarfin doki 300. Na san tana da lalurar famfon da ke tura mai da ƙarfi cikin inji, har kamfanin da kansa ya janye motoci kusan 130,000 a Amurka a 2010 don gyara wannan. Na san famfon ruwanta na lantarki ne, yana iya mutuwa ba sallama. Duk na sani, na ware miliyan ɗaya gefe saboda haka. Ni ba kamfanin nake zargi ba, motar da ta shekara 15 dole ta nemi kuɗi. Abin da ban ware wa kuɗi ba shi ne ƙarya.

Ranar wata Laraba ce, bayan babbar sallar 2024. Surukin wani abokina ne ya haɗa mu, shi ya sa ma ban ɗauki abin da zafi ba. Muka yi la'asar tare a masallacin da ke bakin filin motocinsa, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Muna fitowa ya kama hannuna ya danƙa min makulli, ya ce, "Alhaji, tafi da ita gida ta kwana. In ba ta yi maka ba gobe ka dawo min da abata, ko sisi kada ka ba ni yau. Tsakanina da kai amana ce." Wannan maganar ce ta kashe ni. Har yau in na kwanta ita nake ji. Tafi da ita gida ta kwana. Wane ɓarawo ne zai ba ka motar miliyan 11 da dubu 800 ka tafi da ita ba ka ajiye ko kwabo ba? Haka na tambayi kaina a ranar, kuma haka nake tambayar duk mai ce min na yi wauta. Ashe ya san dare ɗaya ba ya tona komai. Ya san an goge duk wata wutar gargaɗi da kwamfuta da safiyar ranar, sai ta yi tafiya kafin su dawo.

Ya ce wata tsohuwar Baturiya ce ta yi amfani da ita, daga gida sai coci sai kanti. Mil 68,000 a allo. Yanzu in na tuna dariya ce ke kama ni, dariyar takaici. Wace tsohuwa ce ke zuwa coci da mota mai turbo biyu? Amma a lokacin, da makulli a hannuna, ko a jikina.

Uwargida ce ta fara ganewa, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. A daren farkon nan na ce ta fito ta gani. Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta yi shiru, ta ce, "Abban yara, wannan turaren ya yi yawa. Me ake ɓoyewa?" Motar kamar an yi turaren wuta a ɗakin amarya. Na ce mata dillalai haka suke yi. Ta ce ita dai a ƙarƙashin turaren tana jin warin rima, irin na ɗakin da ruwa ya ci da damina. Na ce mata me ta sani game da mota. Na faɗa, da bakina. Washegari ƙarfe 11 na safe na yi tiransifa, biyu na yi saboda ƙa'idar banki, miliyan 5 sannan sauran daga ɗaya asusun. Alat ɗin duka suna nan, zan ɗora.

A'a, kafin tiransifar ma na kai ta wurin bakanike, kada a ce ban kai ba. Na kai. Sai dai dillalin ne ya nuna min bakaniken, ya ce yaron nan ya san motocin Jamus. Ya buɗe gaba, ya saurari inji, ya ɗaga babban yatsa. Minti goma. Daga baya na gan shi zaune a filin motocin yana cin shinkafa da yaransa.

Sati na biyu gilashin gefen direba ya ƙi sauka. Sai fitilu suka fara kunna kansu cikin dare, na fito asuba na tarar batir ya mutu murus. Batirin ma a but yake, ta dama, kuma ba saya kawai ake yi a ɗaura ba, sai an sanar da ƙwaƙwalwar motar da kwamfuta cewa an sa sabo. Dubu 210. Sannan ranar da ta yi zafi a titin Zariya da tsakar rana, allo ya yi ja, ta rage gudu da kanta ta mutu, 'yan adaidaita suna min hon suna dariya. Ko wannan ya riga zancen fitilun ne? Na manta, duk cikin wata ɗaya ne. Janwe dai sau uku ya ɗauke ta. Famfon ruwa da abin da ke tare da shi dubu 380, kuma ba a samu a Ƙofar Ruwa ba, sai daga kasuwar Ladipo ta Legas aka saƙo shi a motar dare. Nozul shida dubu 900. Tayoyin baya biyu dubu 340, don na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma motar ko safaya ba ta zuwa da ita. Baƙin mai kusan lita shida da rabi take sha, mai tsadar, ba irin na durom ba. Fetur kuwa kada ma a yi magana. Tankinta lita 61, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san halin da ake ciki, zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, cika ta sau ɗaya ya wuce dubu 60, kuma in ka taka ta yadda aka yi ta don a taka, kana kallon allurar tana sauka. Ga ta ƙasa-ƙasa, duk wani tudun rage gudu a unguwarmu sai na hau shi a karkace kamar mai satar hanya. Wannan duk na yarda, na sani tun farko.

Wani rewaya ne a Kaduna, dattijo, ya tona asirin. Ya cire kujerar direba ya ɗaga kafet, ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka gani da idonka." Ƙarafan da kujera ke gudu a kai duk tsatsa. Soson ƙarƙashin kafet ya yi baƙi, ga busasshiyar laka da yashi fari-fari a lungu. Ya zaro wani ƙaramin akwatin lantarki daga wajen ƙafar direba, wanda ke kula da fitilu da gilasai, bakin wayoyinsa ya yi kore shar. Ya ce wannan motar ruwa ta sha, kuma ruwan gishiri, irin wannan ba ya warkewa, yau nan gobe can har ta ƙare. Ya jona kwamfutarsa, ya ce mil ɗin da ke allo da wanda ke ajiye a cikin ƙwaƙwalwar ba su yi daidai ba. Dubu 650 na bari a wurinsa, kuma shi kaɗai ne ban yi baƙin cikin biya ba.

A nan gaban shagonsa ƙanena ya kwafi lambar shasi daga ƙasan gilashin gaba, harafi da lamba 17, ya zuba a Google. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ga motata a filin gwanjo a Florida, ƙarshen 2022, bayan guguwar Ian da ta yi ambaliya a can a watan Satumba. An ja layi a jikin ƙofa daidai inda ruwa ya tsaya, sama da kujera. Mil 171,000. Tsohuwar Baturiya. Minti ɗaya, kyauta, da wayar da nake sayarwa kullum. Ni da nake duba lambar jikin waya kafin na saya ta dubu 80, ban duba lambar motar miliyan 11 da dubu 800 ba, saboda an ce min tafi da ita gida ta kwana.

Takardar kwastam ma da dillalin ya ba ni, da muka zauna muka gwada, lambobi huɗun ƙarshe ba na motata ba ne. Ya ce ta tashar ruwan Legas ta shigo. Yanzu ina zargin 'yar Kwatano ce da aka biyo da ita ta daji, alhali a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Ko da ta tashi yau ban isa na hau babban titi da ita hankali kwance ba.

Na kira shi. Da fari ya ce, "Haba Alhaji, mota ai ƙarfe ce, ba ta da amana." Shi da ya ce tsakaninmu amana ce! Na tura masa hotunan gwanjon, ya ce shi ma haka aka sayar masa, ƙaddara ce, mu yi haƙuri da juna. Na ce to ya karɓi abarsa ya ba ni ko miliyan 9, na yafe sauran. Ya ce ciniki ya faɗa. Tun ranar in na kira sai yaronsa ya ɗauka ya ce oga ya tafi Abuja. Surukin abokin nawa kuwa cewa ya yi shi haɗawa kawai ya yi. Muryoyin da ya turo min a WhatsApp guda bakwai suna nan, har da wadda ya rantse ba ta taɓa ganin haɗari ko ruwa ba. Lauya ya ce kada na kama suna tukuna, shi ya sa. Amma hotunan hirar da na gwanjon da rasit zan ɗora su da zarar ya ba ni dama, ko an so ko ba a so.

Mai son saye: zuba lambar shasi a intanet kafin ka biya, gwada ta da ta takardar kwastam, kai wa bakanikenka ba nasa ba, a ɗaga kafet. In ka ji turare ya yi yawa ka fita.

Miliyan 11 da dubu 800, da la'ada, da miliyan 3 da dubu 400 na gyara cikin wata biyar, na lissafa a littafin shago. Tana nan ƙofar gida a lulluɓe da tamfol, yara suna wasan ɓuya a bayanta. Uwargida ba ta taɓa ce min "ai na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya, gara ma ta faɗa. Ranar Alhamis za mu zauna da shugabannin dillalansu, an ce zai zo. Haka aka ce wancan makon ma.