Biyanu na Agadas ko bikin gishiri na Ingal: wanne za ka fara kai iyalinka?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana Kano, hutun mako guda kake da shi, kana son ka kai maiɗakinka da yara biyu arewacin Nijar su ga bikin gargajiya, an kuma ambata maka guda biyu: Biyanu na Agadas da Cure Salée na Ingal, wato bikin gishirin dabbobi. Kana so a gaya maka wanne ya fi. Duka biyun na halarta, tun ina yaro ina bin kawuna da ke kai turkuɗi da rawunan 'yan Kura ƙasar Abzin. Amsata ita ce ka fara da Biyanu. Amma bari in baje maka su gefe da gefe, don Ingal ba wurin da zan so ka yi watsi da shi ba ne.

Abin da zai fara raba maka gardama shi ne lokaci. Biyanu da watan Musulunci yake tafiya. Ana ɗaura shi mako guda bayan Babbar Sallah, ranar 17 ga Zulhajji, a yi ta kiɗa da zaga gari kusan kwana 23, sai a yi babban taron a ranakun 9 da 10 ga Muharram, lokacin da mu ma a gida muke cika-ciki. Don haka kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 tsakiyar Yuli ya faɗo, a 2025 farkon Yuli, yana kuma gangarowa cikin Yuni, inda zafin Agadas ke haura digiri 40 da rana. Amma ranarsa sananniya ce, da kalandar bango ma za ka iya lissafa ta ka nemi hutu. Bikin gishiri shi da damina yake tafiya. Gwamnati ce ke tsayar da kwana uku na taron hukuma, yawanci tsakiyar Satumba, kuma sanarwar takan zo a ƙurarren lokaci. Ga ma'aikaci mai mako guda wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Biyanu bikin gari ne, na Agadasawa. Garin kan rabu biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da tambarinsa, wato shugaban da ke jagorantar makaɗa da 'yan rawa. Da la'asar sakaliya za ka ji ganga daga nesa, da ƙarar wani ɗan ƙaramin abin kiɗa da suke kira akanzam, sai ka ga lungu ya cika maƙil, samari a gaba, mata da yara a baya suna amshi. Dattawan garin sukan ce a da in ɓangarorin biyu suka yi kiciɓis sai an gwabza da sanduna. Yanzu gasar ta koma ta ado da rawa da yawan jama'a. Game da asalinsa, wasu na danganta shi da murnar saukar jirgin Annabi Nuhu bayan ɗufana, wasu da tarbar da mutanen Madina suka yi wa Manzon Allah (SAW), wasu kuma da dawowar mayaƙan sarki daga yaƙi da nasara. In ka ga takubba da masu a hannun 'yan rawa, za ka gane me ya sa ake faɗin na ukun.

Ranar 9 ga wata ita ce maraicen ado, da Hausa suke kiranta haka. A nan ne zan daɗe, don ita ce ta sa nake ce maka ka je. Maza na fitowa cikin manyan riguna, fari a ciki, shuni a waje, an naɗa rawani an tayar masa da tukku kamar zankon zakara. Rawanin nan mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, wanda ke barin shuɗi a goshi da kumatu, shi ne dai wanda ake rinawa a buga a Kura, nan kusa da kai. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo yana gyara wa jikansa naɗi a bakin zaure. Yaron bai fi shekara goma ba, rigar ta yi masa yawa, takobin na jan ƙasa. Tsohon ya tsoma yatsa a ruwa yana daidaita kunnen rawanin, bai ce uffan ba, da ya gama sai ya ja baya taki biyu ya dube shi, ya gyaɗa kai. Yaron ya juya ya shige cikin taro yana juyi, hannayen rigar suna buɗewa kamar fukafukai. Yatsun tsohon duk sun yi shuɗi. Daga maraicen nan ake ɗunguma zuwa Alarsas, wajen kilomita 5 daga gari, a bakin koramar Telwa, a kwana can ana kiɗa. Da safe a dawo, kowa da ganyen kaba a hannu yana kaɗawa sama, mutanen gari su fito tarba, a zaga unguwanni, a kai gaisuwa fadar Sarkin Abzin, Umaru Ibrahim Umaru, wanda ya gaji mahaifinsa a 2012.

Duk wannan a ƙafa za ka bi shi, kuma da Hausa za ka yi komai, don ita ce harshen kasuwa da titi a Agadas. Da rana, kafin kiɗa ya tashi, ga tsohon gari da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ga hasumiyar babban masallaci ta laka mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, ga gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, ga maƙeran azurfa da dukawa. Yara ba za su gaji da kallo ba, in rana ta take kuma akwai ɗakin da za a koma.

Ingal wata duniya ce daban. Tana yamma da Agadas da kimanin kilomita 160, ƙaramin gari mai gonakin dabino, mutanensa na asali suna da harshensu, Tasawak, dangin Zabarmanci da ya cuɗanya da na Abzinawa. Bikin gishirin kuwa asalinsa ba biki ba ne, aiki ne. Da damina ta sauka a kudu, gonaki sun rufe ƙasa, makiyayi ba shi da wurin tsayawa, sai ya kora arewa. Nijar ma tun 1961 take da dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. Filin Irhazer da ke kewaye da Ingal yana da ƙasa da ruwa masu gishiri da kanwa, ciyawarsa ma haka. Dabbar da ta sha wahalar rani, in ta yi makonni tana cin ciyawar nan tana shan ruwan nan, cikinta kan wanke, ta murmure, gashinta ya kwanta. Makiyaya sun san haka tun kaka da kakanni. Can arewa da Ingal akwai Tagidda-n-Tesumt, inda ake jiƙa ƙasar gishiri a ramuka, a tace ruwan a bar wa rana, a samu gishiri mai ja-ja na dabbobi, ba irin kantun Bilma ba. To, in dangin da suka yi wata tara ba su ga juna ba suka haɗu a wuri ɗaya, nono ya wadata, raƙuma sun yi ƙiba, dole a yi aure, a yi suna, a sasanta rigima, a yi wasa. Daga baya ne gwamnati ta ɗora nata taron a kai: rumfuna, jawabin manya, rigakafin dabbobi, baje koli da raba kyaututtuka.

Abin da za ka gani a can ba ka ganinsa a Biyanu. Akwai tseren raƙuma. Akwai tende, wanda turmi ne kawai aka ɗaure wa fatar akuya a baki. Mata su zauna a kewaye da shi kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na bugawa, ɗaya na ba da waƙa, saura na tafi, a riƙa yayyafa wa fatar ruwa don muryarta ta zauna. Sai mahaya su zo kan fararen raƙuma da sirdi mai ƙaho uku da tuntaye na fata, suna zagaya matan, raƙumin na ɗaga ƙafa daidai da bugun turmi, wuyansa a lanƙwashe. Ban taɓa ganin dabba da mutum sun fahimci juna kamar a wurin nan ba. Ga kuma samarin Fulani Woɗaaɓe, waɗanda muke kira Bororo, sun jera sahu, fuska ta sha jar ƙasa ko rawaya, leɓe baƙi ƙirin, gashin jimina a ka, suna ɗage dunduniya suna zare ido suna bayyana farin haƙori, 'yan mata na tsaye suna nazarin wanda ya fi kyau. Sai dai ka sani, wanda ake yi a gaban rumfar manyan baƙi ɗanɗano ne. Cikakken bikin rawar nan, wanda suke kira Gerewol, dangi-dangi suke yinsa a nasu zangon, galibi bayan an watse daga taron hukuma, kuma sai wanda aka gayyata ko ya san hanya.

Nan ne bambancin da ya fi damuna yake. A Biyanu, da ka shiga lungu ka zama ɗan biki. Wani zai miƙo maka ganyen kaba, wata ta ja maiɗakinka cikin mata, daren cika-ciki kuma ba za a bar baƙo da yunwa ba. A Ingal, in ba ka da mai masauki cikin makiyaya, ɗan kallo ne kai, a bayan igiya, cikin ƙura, kana leƙe ta kafaɗar jami'an tsaro. Zuwana na farko haka na yi kwana uku, na dawo ina cewa an zuzuta abin. A zuwa na biyu wani abokin cinikin kawuna ya sauke mu a zangonsu, tafiyar kusan awa guda daga gari. Da asuba aka tatso nonon raƙuma da kumfarsa aka miƙo mini a ƙwarya. Aka gasa gurasa a cikin yashi da toka, aka kakkaɓe, aka gutsuttsura cikin miya. Aka dama fura da cuku da dabino. Shayi kofi uku, ba a gaggawa, ba a tashi kafin na uku. Da dare babu fitila ko ɗaya, sai taurari da amon tende daga wani zango can nesa. Wannan ne bikin, kuma ba ya cikin jadawalin da ake rabawa. Har yau in an ce Abzin, daren nan nake fara tunawa, ba hasumiya ba.

Batun masauki gajere ne. Agadas na da otal-otal da gidajen baƙi da asibiti da kasuwa. Ingal a kwanakin nan cika take ta batse, mafi yawan baƙi a tanti ko a tabarma suke kwana, ruwa sai ka yi guzuri. Ƙarshen damina ne, akwai sauro, akwai kunama, ga ƙarangiya da ke maƙale wa yara a ƙafa da zane. Koramu kuma kan taso ba sallama, ko da ba a yi ruwa a inda kake ba. Kada ka kafa tanti a cikin kwari don yashinsa ya yi laushi, kada kuma direba ya ce zai ratsa ruwa mai gudu. Agadas kanta ta ga ambaliyar Telwa a Satumban 2009, gidaje da yawa suka rushe.

Hanya kuma, daga Kano ta Damagaram za ka bi, ka wuce Tanut da Adarbisanat, wajen kilomita 450 daga Damagaram zuwa Agadas. Mai tasowa daga Sakkwato shi ta Ƙonni da Tawa da Abalak zai bi, kuma mararrabar Ingal na kan hanyarsa kafin Agadas. Kai da ke Kano sai ka isa Agadas tukuna sannan ka nemi motar Ingal, ƙarin yini guda zuwa, guda dawowa. Cikin mako ɗaya da yara, lissafin bai fita. Maganar tsaro ma ba ta ɓoyuwa: a 2025 an sace baƙi Turawa a cikin garin Agadas, hanyoyin daji kuma ba a binsu da ka. Ka shiga motar kamfani ta safe, kada ka yi tafiyar dare, ka riƙe takardunka da na yara da katin rigakafi, ka kuma kira wani mazaunin can mako guda kafin ka tashi ya gaya maka halin da ake ciki. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 ka'idojin kan iyaka suna sauyawa, a tashar mota za ka ji na ranar.

Don haka ka nemi hutunka ya kama daga 6 ko 7 ga Muharram, ka isa da kwana biyu a hannu yara su huta, ku ga maraicen ado, ku tarbi masu dawowa daga Alarsas da safe. Ka sa maiɗakinka ta tafi da kayan adonta na fita biki, don matan Agadas ba sa wasa da ranar nan, kai ma ka ɗauki babbar riga. Kafin ka bar garin, ka shiga kasuwar dabbobi ka zauna wurin masu raƙuma, ka sha shayinsu, ka karɓi lambar wanda hankalinka ya kwanta da shi. Shi ne zai sauke ka a zangonsu in Allah ya kai mu Satumbar da za ka je Ingal, kai kaɗai tukuna, da kwana goma a hannu.