Tawadar Allah: Duhun Rana Daban, Duhun Cuta Daban

'Yar uwa, kin ce tawadar Allah da ke wuyanki takan ƙara baƙi idan bazara ta kama, in sanyi ya shigo kuma ta ɗan dishe, kina tambaya ko abin tsoro ne. Canji iri biyu ne ake yawan rikitawa, don haka bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa.

Ita tawadar Allah ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suka cure wuri guda, kuma yawancin manya suna da tsakanin 10 zuwa 40 a jikinsu. Idan hasken UV, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya doki fata, ƙwayoyin nan sukan ƙara fitar da sinadarin melanin don su kare ta. Ki cire agogon hannunki a ƙarshen bazara ki ga yadda inda maɗaurin ya rufe ya fi kewayensa haske. Abin da ya sami fatar hannun, shi ne ke samun tawadar.

Canjin rana ba ya zaɓar ɗaya. Na fuska da na wuya da na hannu duk tare suke yin duhu, na ƙarƙashin tufa kuwa suna nan yadda suke. Canjin cuta guda ɗaya yake warewa, ta fita daban a cikin 'yan uwanta, ko da tana inda rana ba ta gani.

Na rana yana zuwa yana komawa: an rage shiga rana, bayan 'yan makonni launi ya lafa. Na cuta ba ruwansa da rani ko damina, gaba kawai yake yi.

Babban bambancin yana wajen siffa, kuma nan nake so ki fi zuba ido. Rana launi take taɓawa, amma tawadar tana nan a zagayenta, gefenta sumul, launinta iri ɗaya. Sankarar fata da ake kira melanoma kuwa siffar take ɓatawa. Rabi ɗaya bai yi kama da ɗaya rabin ba, gefe kamar an yage takarda, launi biyu ko uku a wuri guda, baƙi da ruwan ƙasa, wani lokaci har da ja ko shuɗi, faɗi ya haura milimita 6, wato kamar abin goge rubutu na bayan fensir. Likitocin fata na Jami'ar New York ne suka tsara waɗannan alamomi huɗu a 1985, sai a 2004 aka ƙara ta biyar: tawadar da ke ta sauyawa, ko ta soma ƙaiƙayi, ɓawo ko zubar jini. A ganina ta biyar ɗin ta fi sauran nauyi, don melanoma tana iya farawa tun ba ta kai milimita 6 ba.

Juna biyu da balaga ma sukan sa tawada ta yi duhu, su ma kusan duka tare.

Kada zafi ya ruɗe ki. Ba shi ke wannan aikin ba, hasken UV ne, kuma yana ratsa gajimare ko a ranar da ake sanyi. Ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Illarsa ta gaske ba duhun bana ba ne, ɓarnar da yake tarawa shekara da shekaru ce, musamman ƙunar rana a ƙuruciya, wadda ke ƙara yawan tawada da haɗarin cutar daga baya. Shi ya sa nake matsa wa iyaye kan inuwa, hula da tufa mai rufe jiki ga yara, da man kariya daga rana mai SPF (lambar ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama, a sake shafawa bayan awa 2. Zabiya da masu hasken fata sun fi kowa buƙatarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu duhun fata da ke ganin sun tsira. Gaskiya cutar ba ta cika kama su ba, amma idan ta zo takan ɓulla a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu, kuma sau da yawa sai ta yi nisa ake ganewa. Ta mawaƙi Bob Marley a yatsan ƙafa aka gano ta a 1977, ta yi ajalinsa a 1981 yana ɗan shekara 36. Kuma kusan kashi 70 cikin 100 na melanoma sabon tabo ne ke fitowa, ba tsohuwar tawada ce ke rikiɗa ba.

Yadda kika bayyana taki, ta fi kama da canjin rana. Duk da haka ki ɗauki hotonta yau kusa da taga, da rula a gefenta, ki maimaita kowane wata a wuri ɗaya da haske ɗaya. Idan girma ko siffa ta motsa, kada ki jira sanyi ya zo ki ga ko za ta koma, ki je wurin likitan fata. Kada kuma ki yarda a kankare ta ko a ƙona ta a gida, domin sai an cire ta an duba a ɗakin gwaji ake sanin ko mece ce.