Sharhi a kan maganin ɗigawa mai jiƙa ido, ga masu fama da zubar hawaye a wurin aiki

Maganin da nake sharhi a kansa shi ne na ɗigawa mai jiƙa ido, irin wanda ke ɗauke da sinadarin hypromellose kashi 0.3 cikin ɗari, wanda na yi amfani da shi tun shigowar hunturun bara har zuwa lokacin bazara. Aikina lissafin kuɗi ne a wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano, kuma yinina kusan duka a gaban kwamfuta yake ƙarewa. Maganin ya yi mini amfani ƙwarai, amma ba shi kaɗai ya tsayar da hawayen ba, shi ya sa nake son mai karatu ya fahimci dalilin matsalar kafin ya kashe kuɗinsa.

Abin yakan fara mini ne bayan azahar. Da farko idanu su ɗauki yaji kamar an watsa musu rairayi, sannan hawaye su cika su har lambobin da ke fuskar kwamfuta su dusashe, in share da hankici, jim kaɗan su dawo. Da na je asibitin ido, likita ta ɗiga mini wani rini mai ruwan ɗorawa, ta haska idon da shuɗiyar fitila, ta umarce ni kada in ƙifta, sannan ta shaida mini cewa bushewa ce ke damun idanuna. Na yi mamaki, domin mai share hawaye duk yini ba zai kawo bushewa a ransa ba.

Bayanin da ta yi mini ya gamsar da ni. Danshin da ke lulluɓe da ƙwayar ido ya ƙunshi ruwa da majina ’yar kaɗan da kuma maiƙo, wanda wasu ƙananan ƙofofi a gefen fatar ido, kusa da gindin gashin ido, ke fitarwa domin hana ruwan saurin bushewa. Duk ƙiftawar da mutum ya yi tana sake shimfiɗa wannan danshi. A yadda aka saba mutum yana ƙifta ido kimanin sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa kwamfuta ido, adadin yakan faɗo zuwa sau 5 ko 7. Idan aka haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu, da na’urar sanyaya ɗaki da ke ƙara tsotse laimar iska, da fanka mai hurawa a fuska, sai saman ido ya bushe ya fara raɗaɗi, jiki kuma ya mayar da martani ta hanyar kwararo hawaye masu yawa a lokaci guda. Waɗannan hawaye tsararo ne, ba sa zama a kan ido, don haka suna zuba ne ba tare da sun magance bushewar ba.

A nan maganin ya nuna amfaninsa. Yana da ɗan kauri fiye da ruwa, saboda haka yakan daɗe a saman ido, kuma ɗigo ɗaya a kowane ido yana kwantar da yajin nan take. Na lura cewa ya fi aiki idan na ɗiga shi tun kafin idon ya fara damuna, wato da safe kafin in kunna kwamfuta da kuma bayan sallar azahar, maimakon in jira sai hawaye sun ɓalle. Nakan wanke hannu, in ja fatar ido ta ƙasa, in ɗiga ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, sannan in rufe idon in danne lungun da ke kusa da hanci na minti guda, domin ta nan hawaye ke bi su sauka cikin hanci. Gani yakan ɗan yi hazo na ɗan lokaci kafin ya washe.

Yana da nasa rauni. A ranakun da ƙura ta yi yawa, sauƙin ba ya jimawa, dole a maimaita. Na kwalba yana ɗauke da sinadarin hana lalacewa, galibi benzalkonium chloride, wanda shi kansa yana iya fusata ido ga mai ɗigawa fiye da sau huɗu a rana, kuma irin wanda ba shi da wannan sinadari ya fi tsada, ba a kowane kemis ake samunsa ba. Haka nan ana zubar da kwalbar kwana 28 bayan buɗe ta ko da saura a ciki, abin da ke da ciwo a wannan zamani na tsadar magani, amma lafiyar ido ta fi ragowar kwalba. Ina kuma duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki kafin in biya.

Rabin sauƙin da na samu daga gyaran wurin zama ya fito. Na matsar da teburina daga saitin na’urar sanyaya ɗaki, na sauke fuskar kwamfuta ta koma ƙasa da saitin idona kaɗan, domin mai kallon ƙasa ba ya buɗe ido sosai, danshin kuma ya fi jimawa. Duk bayan minti 20 nakan ɗaga kai in kalli wani abu mai nisan kimanin mita 6 na daƙiƙa 20, ina ƙiftawa da gangan. Da dare nakan ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi a kan idanu, saboda ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare a ƙofofin nan. A kan babur kuwa ba na fita sai da tabarau.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda abokan aiki ke miƙa wa juna kowace irin kwalba da zarar ido ya yi ruwa. Chloramphenicol maganin ƙwayoyin cuta ne, ba ya gyara bushewa. Magungunan ɗigawa masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone suna kwantar da ja da ƙaiƙayi da sauri, amma yawan amfani da su ba da umarnin likita ba yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa.

Maganin hypromellose ɗin nan na wanda bushewa ce sanadin hawayensa ne. Idan ƙaiƙayi ne ya fi yawa tare da atishawa, wataƙila jiki ne ba ya jituwa da ƙura ko hayaƙin janareta, kuma maganinsa daban ne. Idan akwai kwantsa mai yawa, ko ciwo mai tsanani, ko gudun haske, ko raguwar gani, asibiti ya kamata a nufa a ranar, kuma muna da wurare irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Wanda kuma ido ɗaya ne ke zubar masa da hawaye kullum, ko yana ofis ko yana gida, ya nemi a duba masa hanyar da ke kai hawaye cikin hanci, domin idan ta toshe babu maganin ɗigawar da zai buɗe ta, sau da yawa sai an yi aiki.