Filin Michigan: inda ake ihu da lissafi

Daga waje, filin wasan Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor ba ya nuna girmansa. Ƙasa aka haƙa aka gina shi a 1927, shi ya sa da ka shiga ƙofa sai ka ga mazaunai suna gangarawa layi-layi har bakin fili kamar ƙaton kwano. Yana ɗaukar mutum 107,601, duk Amurka babu filin da ya kai shi. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna shi, a nan Manchester United ta kara da Real Madrid a 2014 gaban mutum 109,318.

Ni dai ƙwallon Amurka na je kallo, wadda ake ɗauka a hannu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ihun nan ba na banza ba ne. Idan ƙwallo tana hannun Michigan, sai jama'a su lafa domin 'yan wasansu su ji umarnin mai jefa ƙwallo. Da ta koma hannun baƙi, wato abokan karawarsu, musamman a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba su su ci yadi goma, sai wurin ya ɗauka. Ɗalibai su zaro makullansu suna kaɗawa sama, tsofaffi su miƙe suna kururuwa. Wani dattijo da ke gefena, hularsa ta koɗe don daɗewa, bai cika magana ba, amma duk lokacin nan sai ya tattara hannuwa a baki ya yi ihu har jijiyar wuyansa ta fito. Baƙi ba sa jin juna, wani ya motsa kafin lokaci, alƙali ya mai da su baya yadi biyar. Ka ga 'yan kallo ma sun buga wasa ke nan.

Sai dai yawan mutane daban, ƙara daban. Filin shimfiɗaɗɗe ne, babu rufi, sauti yana tashi sama. Filin Autzen na Oregon mutum 54,000 yake ɗauka, amma ya yi suna wajen toshe kunne. Dogayen gine-ginen da aka kammala a gefe biyu na filin Michigan a 2010 sun taimaka wajen mayar da sautin ciki. Wanda ke son ya ji ƙarar a ƙirjinsa ya nemi tikiti kusa da ɓangaren ɗalibai, amma ya shirya tsayuwa, don su ba sa zama.

Na gamsu, kuma zan so duk ɗan uwan da karatu ko aiki ya kai jihar Michigan ya je ko sau ɗaya. Benci ne mai lamba, ba majingini, kafaɗa da kafaɗa ake zama. Ba a shiga da jaka. Wasan yakan wuce awa uku, in kuma Nuwamba ce, a ninka safa da rigar sanyi.